Abincin Kosha: Me Ya Sa Bayahude Mai Riƙo Da Addini Ba Ya Cin Duk Abin Da Aka Ba Shi?



Tambayar da ta jawo wannan rubutu daga kicin ta fito. Wani ɗanmu da ke aikin girki a wani otal a nan Doha ya same mu bayan an sauko daga Juma'a, ransa a ɓace. Wai wani baƙo ya sauka a otal ɗin, an kai masa shinkafa da naman rago, ya mayar. Aka kai masa kifi, shi ma ya mayar. Daga ƙarshe sai ya roƙi a kawo masa ayaba da lemo waɗanda ba a ɓare ba, da faranti irin na roba da ake yarwa bayan an ci. Yaron ya je da kansa ya ce masa komai na nan halal ne. Baƙon ya yi godiya, ya ce ya san da haka, amma shi Bayahude ne, abin da zai iya ci sai kosha. Ɗanmu ya ɗauka ƙyama ce, ko dai don hannun baƙar fata ya dafa, ko don Musulmi ne.

A cikin watan kuma sai wata uwa ta aiko da tata tambayar. 'Yarta tana karatu a wani ƙaramin gari a Amurka, babu mahaucin Musulmi kusa, amma a babban kanti akwai kaza mai tambarin Yahudawa. Ta saya ko ta bari?

Tambayoyin biyu gida ɗaya suka fito, don haka muka ga ya dace mu zauna mu warware zare da abawa. Maganar abinci ce da addini. Mun san yadda zukata suke game da abin da ya sami 'yan'uwanmu na Falasɗinu, kuma ba mu manta ba. Sai dai dokokin nan sun girmi ƙasar Isra'ila ta 1948 da fiye da shekara dubu biyu, kuma Alƙur'ani da kansa ya yi magana a kansu.

Doha ma ta taɓa ganin wannan al'amari a fili. A lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022, wadda aka fara ran 20 ga Nuwamba aka gama ran 18 ga Disamba, sa'ad da hankalinmu ke kan Kudus ɗan Nima da ƙwallaye biyun da ya zura wa Koriya ta Kudu, an buɗe wani ɗan kicin na kosha a birnin nan saboda 'yan kallo Yahudawa. Wani malaminsu mai suna Marc Schneier daga New York ne ya yi ta tattaunawa da hukumomin Ƙatar, sannan Mendy Chitrik na Istanbul, shugaban ƙungiyar malaman Yahudawa mazauna ƙasashen Musulmi, ya ɗauki nauyin sa ido, ɗansa Eli ya zauna a Doha yana kula da aikin kullum. Kamfanin Qatar Airways ne ya ba da wurin. Abin da ya fi fitowa daga kicin ɗin burodi ne: wani mai zagaye da rami a tsakiya da ake kira bagel, da kuma burodi mai kitso da suke ci ranar Asabar. A ƙasar da duk naman kasuwa yankan halal ne, me ya sa aka sha wannan wahala don burodi kawai?

Kalmar kosha a Ibrananci tana nufin abin da ya dace, ko ya cika sharaɗi. Tushen dokokin yana cikin Attaurar da ke hannunsu, musamman babi na 11 na littafinta na uku da babi na 14 na littafi na biyar, sannan malamansu suka yi ta faɗaɗa bayani a cikin Talmud da littattafan hukunci da suka biyo baya, kamar yadda fiƙihu ya ginu a wurinmu.

Mu fara da dabbobi. Dabbar tudu ba ta halatta gare su sai ta haɗa alama biyu: kofatonta a rabe yake, kuma tana tuƙa. Saniya da tunkiya da akuya da barewa sun wuce. Alade yana da rababben kofato amma ba ya tuƙa, don haka ya fita. Raƙumi kuwa yana tuƙa amma ƙafarsa ba ta cika sharaɗi ba, shi ma ya fita, da namansa da nononsa. Wannan babban bambanci ne tsakaninmu, domin a nan Ƙatar naman raƙumi abin girmama baƙo ne, kamar yadda yake a Agadas da wasu kasuwannin Kano. Zomo da rema su ma haramun ne a wurinsu. A cikin ruwa kuma, sai kifi mai ƙege da kamɓori a jiki. Karfasa ta halatta, haka hamur da ake ji da shi a Doha. Tarwaɗa, wadda matanmu ke busarwa su zuba a miya, ba ta halatta ba saboda santsin jikinta. Jatan lande da ƙaguwa ma babu. Tsuntsaye an lissafa waɗanda aka hana, galibinsu masu farauta da masu cin mushe, amma a aikace suna tsayawa kan waɗanda suka gada cewa ana ci, kamar kaza da agwagwa da tantabara. Ƙwari duka haramun ne, shi ya sa za ka ga mace tana ɗaga ganyen latas ɗaya bayan ɗaya a gaban haske. An ware wasu nau'o'in fara aka halatta, kuma Yahudawan Yaman sun riƙe al'adar cinta, abin da ba zai ba mutumin Maraɗi mamaki ba.

Yanka shi ne inda mahautanmu za su fi sauraro. Ba kowa ke yanka ba, sai wanda ya yi karatun abin aka ba shi izini, ana kiransa shohet. Wuƙarsa doguwa ce, ba ta da tsini, kuma yakan bi bakinta da farce kafin yanka da bayan yanka, idan ya ji ko ɗan gibi ne to yankan ya ɓaci. Yana yanke maƙogwaro da hanyar abinci ba tare da tsayawa ko dannawa ba. Bayan an feɗe, sai a duba huhu. Idan an sami huji ko wata mannewa mai nuna ciwo, dabbar ta zama abin da suke kira terefa, ba za su ci ba ko da an yanka ta daidai. Ku riƙe wannan kalma, za mu sake haɗuwa da ita a littattafan Malikiyya.

Ba a nan aikin ya tsaya ba. Akwai kitsen da ke rufe da kayan ciki da na ƙoda, dole a cire. Akwai wata jijiya a cinya da ba sa ci, suna danganta hanin da wani labarin Annabi Yaƙub (AS). Cire ta aiki ne mai wuya, har a Turai da Amurka yawanci sukan sayar da rabin dabba na baya gaba ɗaya ga wasu mahauta. Sai jini. Mu idan jini ya kwarara wurin yanka, abin da ya rage a tsoka ba laifi. Su kuwa sai an jiƙa naman a ruwa rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri mai tsakuwa ya yi awa ɗaya, a ɗauraye sau uku, kuma a yi wannan kafin kwana uku su cika daga yanka. Hanta, saboda yawan jininta, sai an gasa ta a kan wuta. Ƙwai ma idan an fasa aka ga ɗigon jini, zubarwa ake yi.

Dokar da ba mu da irinta ko kusa ita ce raba nama da nono. Sau uku Attaura ta hana dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa, malamansu suka fahimci cewa hanin ya game kowane nama da kowane abu na madara, har suka haɗa da kaza. Ku kwatanta da gidajenmu. Tuwo da miyar kuka mai nama, a zuba man shanu a kai: haramun a wurinsu. Mutum ya ci tsire ya kora da fura da nono: ba dama, sai ya jira, yawancinsu awa shida, Yahudawan Jamus awa uku, na Holan awa ɗaya. Shinkafar majbus da ake ci da kindirmo a nan Doha, ko shayin karak mai madara bayan an ci shawarma, duk sun shiga ciki. Kuma abin bai tsaya kan abinci ba, ya kai ga tukwane, domin a ganinsu tukunya tana shan ɗanɗanon abin da aka dafa a cikinta da zafi. Saboda haka gidan mai riƙo yana da tukwane da faranti da cokula da wuƙaƙe kashi biyu, na nama daban, na madara daban, wani gidan har wurin wanke-wanke biyu. Abin da ba nama ba kuma ba madara ba, kamar hatsi da ganye da 'ya'yan itace da ƙwai, ana cinsa da kowane ɓangare.

To ga amsar ɗanmu. Ragon da ya dafa yankan halal ne amma ba yankan shohet ba ne, ba a duba huhunsa ba, ba a sa masa gishiri ba. Kifin da aka kai wataƙila nau'insa ya halatta, amma an soya shi a kaskon da aka soya jatan lande jiya, aka ɗora a farantin da ya ga nama da cuku. Akwai ma ƙa'idar da ta ce wasu dafaffun abinci sai Bayahude ya sa hannu a girkin, ko da kunna wutar ce. Da a ce Bature ne ya yi girkin a wani otal na Landan, haka baƙon zai mayar. Da Bayahuden da ba ya kiyaye dokokin ne ya dafa a tukwanen gidansa, nan ma haka. Ayaba da ɓawonta ita ce abin da babu tukunyar da ta taɓa. Wannan ne kuma ya sa kicin ɗin gasar ƙwallo ya fi ƙarfi kan burodi: nama yana bukatar mayanki da mai duba da kayan aiki na daban, burodi kuwa tanda mai tsabta da mai sa ido sun wadatar.

Yanzu sai babbar tambaya: me ya sa mutum zai ɗora wa kansa wannan nauyi?

Amsar farko da mai riƙo zai ba ka gajeriya ce: Allah ne ya umarta. Malamansu sun lissafa umarni da hani 613 a cikin Attaura, kuma sun daɗe da raba su gida biyu, waɗanda hankali ke gane dalilinsu, kamar hanin sata da kisa, da waɗanda ake bi don an ji an karɓa. Sa'adiya Gawon, mutumin Fayyum ta Masar wanda ya rasu a 942, da Larabci ya rubuta wannan rabo. Dokokin abinci suna cikin kashi na biyu. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san irin wannan, shi ne abin da muke kira ta'abbudi. Ba ma tambayar me ya sa Magariba raka'a uku ce. A ƙarshen babin da ya lissafa dabbobin, dalilin da aka ambata shi ne tsarki, wato su zama al'umma keɓaɓɓiya ga Ubangiji.

Duk da haka ba su fasa neman hikima ba, kuma sun yi saɓani mai daɗin ji. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus, likita a fadar Salahuddin a Masar, wanda ya rasu a 1204, ya kawo dalilan lafiya a littafinsa Dalalatul Ha'irin, yana ganin abubuwan da aka hana suna cutar da jiki, alade kuma ƙazanta ce. Wani malaminsu na Spain, Musa bin Nahman, ya karkata ga tarbiyyar rai, yana ganin cin tsuntsaye masu farauta yana sa taurin zuciya. Daga baya Ishaƙ Abarbanel ya ƙi maganar lafiya ɗungurungum. Hujjarsa ita ce ga sauran al'ummai nan suna cin waɗannan abubuwa kuma lafiyarsu ƙalau, sannan idan dalilin lafiya ne to an mayar da littafin Allah ƙaramin kundin magani. A ganinmu Abarbanel ya fi kama hanya, kuma maganarsa ta shafe mu. Sau nawa muke jin wa'azi ana cewa an hana alade saboda tsutsa? Ranar da aka kawo alade marar tsutsa, me mai wannan hujja zai ce wa ɗansa?

Dalili na uku mu 'yan zango mun fi kowa saninsa. Mutanen da suka yi ƙarni bayan ƙarni a baƙunta, daga Bagadaza zuwa Fas zuwa Poland, abincinsu ya zama katangarsu. Wanda ba zai ci sai yankan shohet ba, dole ya zauna kusa da shohet, kusa da shi kuma wurin ibada da makaranta za su tsaya. Haka zangon Kumasi da Sabon Zango na Akara suka haɗu a kan masallaci da mahauci da makarantar allo. Suna da labaran mutanen da suka zaɓi mutuwa a kan cin alade a zamanin sarakunan Girka, ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayan 1492 kuma, da aka tilasta wa Yahudawan Spain shiga Kiristanci ko barin ƙasa, daga baya aka yi wa Musulmi haka, masu binciken coci sukan bi ta kicin: wa ke ƙin alade, wa ke cire kitse daga nama, wa ke girki da man zaitun maimakon man alade. Da Bayahude da Musulmi, tukunya ce ta riƙa tona asirinsu.

Ba duka Yahudawa ke kiyaye wannan ba. Wani reshe nasu na masu sassauci a Amurka ya fito fili a 1885, a taron Pittsburgh, ya ce dokokin abinci ba su hau kansu ba. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 17 cikin ɗari ne kawai na Yahudawan Amurka ke kiyaye kosha a gidajensu. Don haka kada ɗanmu ya yi mamaki idan gobe wani Bayahuden ya sauka ya ci komai.

Mu dawo ga uwar nan da 'yarta. Alƙur'ani ya tabbatar da cewa an haramta wa Yahudawa abubuwan da ba a haramta mana ba. Aya ta 146 a Suratul An'am ta ambaci dabbobi masu akaifa da kitsen shanu da tumaki, ta kuma bayyana hanin a matsayin sakamakon zaluncinsu, haka aya ta 160 a Suratun Nisa'i. A nan fahimtarmu ta rabu da tasu: su suna ganin dokokin ɗaukaka ce, mu kuma mun karanta cewa wasu daga ciki tsanantawa ce da aka sauƙe mana. Aya ta 93 a Ali Imrana ta yi maganar abin da Annabi Yaƙub ya haramta wa kansa tun kafin saukar Attaura. Sannan aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, kuma masu tafsiri sun ce yankansu ake nufi. Bukhari da Muslim sun kawo labarin sahabi Abdullahi bin Mugaffal da ya sami jakar kitse ranar Khaibar ya rungume, Manzon Allah (SAW) ya gan shi ya yi murmushi bai hana shi ba.

Malamanmu na Malikiyya sun san harkar nan ciki da bai, domin a Ƙairawan da Fas kasuwa ɗaya suke ci da Yahudawa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zango, ta ce babu laifi a abincinsu da yankansu, kitsen yankan Bayahude kuwa makaruhi ne ba haramun ba. Masu sharhin Mukhtasar na Khalil sun tafi har kan dabbar da aka sami huhunta da lahani, suka kira ta ɗarifa, wato terefa ɗin nan da muka ce ku riƙe, suka ce cinta makaruhi ne. Naman da aka sa wa tambarin kosha ya riga ya tsallake waɗannan biyun, tunda an cire kitsen kuma an duba huhun. Inda wasu malamai suka tsaya shi ne ambaton sunan Allah: shohet yakan yi addu'a sau ɗaya a farkon aiki ta game dabbobi da yawa, alhali akwai masu sharɗanta ambato a kan kowace dabba. Mafi yawan malamai sun ba da izini. Abin da muka gaya wa uwar shi ne, a iya saninmu kazar nan ta fi kazar kanti da ba a san wanda ya yanka ba nesa ba kusa ba, amma ta kai maganar ga malamin da take bi.

Sai dai a yi hattara, tambarin kosha ba tambarin halal ba ne. Giya halal ce a wurinsu, har da ruwan inabi suke buɗe Asabar, don haka cakulan ko kek ko miyar kwalba na iya ɗaukar tambarin alhali akwai barasa a ciki. Tambarin da aka fi gani shi ne harafin U a cikin da'ira, na ƙungiyar Orthodox Union ta New York, wanda ya fara fitowa a kan gwangwanin wake na kamfanin Heinz a 1923. Idan an ga D a gefensa, akwai madara. P kuwa alamar idinsu ce na Fesa, lokacin da ba sa cin duk wani abu mai yisti na kwana bakwai ko takwas. Harafin K shi kaɗai ba na wata ƙungiya ba ne, kowane kamfani na iya buga shi. A jirgin sama abincinsu yana da lambar KSML, namu MOML. Abin da tambari na gaske ke tabbatar maka shi ne babu alade, babu jini, babu mushe. Maganar barasa kai za ka duba a jerin kayan haɗi.

Akwai wurin da mahaucinmu da shohet suka tsinci kansu a layi ɗaya. Denmark ta hana yanka ba tare da an sumar da dabba ba a 2014. Yankunan Flanders da Wallonia na Beljiyam suka bi sahu a 2019. Ƙungiyoyin Musulmi da na Yahudawa suka kai ƙara, kotun Tarayyar Turai ta goyi bayan hanin a Disambar 2020, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ma ta yi haka a Fabrairun 2024. Abin ya fi yi wa Yahudawa tsanani, domin wasu malamanmu sun yarda da sumarwar da ba ta kashe dabba, su kuwa ba su da wannan ƙofa. Masu 'ya'ya a Antwerp da Liège su tambaye su daga ina naman layyarsu ke zuwa yanzu.

Ɗanmu na otal ya koma aiki. Mun ba shi shawara idan irin wannan baƙo ya sake zuwa, ya kai masa 'ya'yan itace da ɓawonsu, da ruwan kwalba, da duk wani abin gwangwani ko na leda mai tambarin nan ba tare da ya buɗe ba, ya haɗa da faranti da cokali na yarwa. Idan akwai abincin da aka aiko a naɗe da hatimi, a ɗumama shi yadda yake cikin naɗinsa biyu, baƙon ne zai ɓalle hatimin da hannunsa.